Dankali a Randar Inna

Ƙofar Atiku, Sakkwato
Farkon Nuwamba

Zuwa ga jikata Khairiyya, ɗiyar marigayi Mubarak, a Jos.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Junaidu, ina gaida 'yar ƙaramar nan da kuka sa wa sunan kakarki Binta, wadda har yau ban ga ko tafin ƙafarta ba. Mu nan lahiya lau, in ban da gwiwa da kunne. Kunnen ya sa na ce ki bar kirana a waya. Ke kina can kina magana, ni ina nan ina na'am, a ƙarshe ban san mi aka ce ba. Takarda kuwa in an karanta ban ji ba, sai a sake. Ni ke faɗi, Malami taubashina ke rubutawa, tunda shi ya yi aikin gidan waya, kuma yanzu ba shi da sana'a sai sa baki cikin maganar mutane.

Illo direban albasa ya kawo saƙonki. Da na kwance ledar na ga dankalin turawa duk ya yamutse ya fitar da ƙahoni, sai na ce wa Illo ya ji tsoron Allah, ya cinye masu kyau a hanya ya kawo mini ragowa. Saura kaɗan akuyar Malami ta samu. Illo ne ya ce mini iri ne, wai in shuka cikin buhu in sami abin yi da safe.

Amarya, ni marini ne ɗan marini. Har karofinmu ya mutu ban taɓa riƙe hauya ba. Noman da na sani shi ne na mutanen Kwalkwalawa, gona da fadama da rana bisa kai. Ban taɓa jin an yi noma a buhu ba kamar mai ɓoye kayan sata. Amma tunda ke kika aiko zan gwada, kada a ce na raina kyautar amarya.

Sai batun randar Inna da kika ce in ba Illo. Gaskiya ne Binta ta ce taki ce, a gabana ta faɗa cikin ciwon da ba ta tashi ba. Amma ba ta ce a ɗora ta bisa albasa ba. Randar nan Lami mai ginin tukwane ta gina ta a Kwalkwalawa, bisa jaki aka kawo ta gidanga ranar tarewar Binta, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Daga cikinta aka ɗebo ruwan wankan ubanki ranar suna. Ke kanki da kina ƙarama kin faɗa ciki da ka kina neman moɗa, da ƙafa na jawo ki. Mai ita za ta zo da kanta ta ɗauka. Kusan shekara guda ke nan ina faɗa miki haka.

Kakanki, Gazali Marini.

Jos
Tsakiyar Nuwamba

Kaka, angona mai rigima,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Junaidu na gaishe ka da girmamawa. Binta ta fara tsayawa da bango, haƙoranta na sama sun fito, tana cizon kowa. Ka gaida mini Baba Malami, ka ce Allah ya ba shi ladan haƙuri da kai.

Ga yadda ake yi, kada ka ƙara naka. Ka sami buhu ko bokiti, ko ma wane mazubi ne, in dai ruwa zai iya fita ta ƙasansa. Wannan shi ne babban sharaɗi, don in ruwa ya kwanta ruɓewa yake yi. Ka haɗa ƙasa da yashi da tsohon kashin awaki, ka zuba kaɗan a ƙasa, ka jera dankalin ƙahonin nan suna kallon sama, ka rufe. In ya fito ya yi tsawo sai ka ƙara ƙasa ka binne rabin karan, haka za ka riƙa yi har mazubin ya cika. A jikin karan da ka binne yake yin 'ya'ya. Ranar safe yake so, ba ta azahar ɗinku ta Sakkwato ba. Ni buhu huɗu na yi a bayan kicin bara, mun ci har mun ba maƙwabta.

Kaka, batun zuwa ka san yadda aikin koyarwa yake, hutu ba ya tsawo, hanya kuma ba daɗi ga mai goyo. Yanzu mun koma gida mai tsakar gida, na ware wa randar kusurwa, har yashi na zuba. Illo ya ce zai naɗe ta da ciyawa ya sa ta gaba kusa da shi. Don Allah.

Amaryarka, Khairiyya.

Ƙofar Atiku
Disamba

Khairiyya,

Bayan gaisuwa da tambayar lahiyar mai cizo. Sanyi ya shigo, gwiwa ta san da zuwansa kafin kowa.

Na raba irin gida biyu. Rabi na sa a bokitin fenti, na huda shi da ƙusa kamar yadda kika ce, na ajiye bisa simintin tsakar gida. Da la'asar na tura hannu cikin ƙasar na ji ta kamar tuwon da aka sauke yanzu. Ba a yi nisa ba wari ya tashi. Malami ya ce tunda na riga na dafa, a kawo manja da yaji kawai. Roba ba ta numfashi, wanga shi ne abin da ba ki faɗa mini ba, ku da garinku ke da sanyi ko da azahar.

Sauran rabin na samar masa mazubi mai numfashi, wanda ke riƙe sanyi, ruwa kuma na samun hanyar fita ta ƙasa. Rana na taɓa shi da safe, kafin azahar inuwar dogon yaro ta rufe shi. Ga shi sun fito, ganye kore shar mai gashi-gashi. Ranar da na ga na farko ya ɗago ƙasa na daɗe tsugune, har na rasa yadda zan tashi sai da na kama bango.

Binne karan nan ya dame ni. Abu ya sha wuya ya fito, kai kuma ka bi shi da ƙasa? Na tambayi wani mutumin Dundaye da ke kawo dankalin Hausa bakin masallaci, ya ce su yankan reshe suke su dasa, bai san wannan shirme ba. Na ce masa ai shi ma ba a Jos ya yi karatu ba. Na dawo na binne, ina yi ina ba su haƙuri. Sai ga shi sun ƙara tasowa sun fi da.

Yanzu in na dawo sallar asuba ba na komawa kwance. Ina ɗanɗana ƙasar da harshe yadda nake ɗanɗana ruwan baba a karofi, in ji ko tana son ruwa. Malami ya ce tsufa ya kai ni cin ƙasa.

Randa tana nan inda kika san ta.

Kakanki, Gazali.

Jos
Ƙarshen Disamba

Angona manomi,

Na yi dariya har Junaidu ya leƙo. Na san buhun algarara ka samo, irin na goro, shi ne mai numfashi. Ka yi dabara. Ka ci gaba da ƙara ƙasa, kada ka bar ko ɗaya ya leƙo waje, wanda rana ta gani yana yin kore, kuma koren ba a cin sa. In lokacin girbi ya yi ba wuya, yaga buhun kawai za ka yi su zubo.

Illo zai taso daga wajenku tsakiyar wata mai zuwa, ya ce kayansa ba yawa. Ka sa a wanke randar a kife ta ta bushe. Ka haɗo da faifan da Inna ke rufe ta da shi, da moɗar, da ragowar saiwar jemar da take sakawa a ruwan don ƙamshi in akwai. Har yanzu in na sha ruwan firji sai in ji ba ruwa na sha ba.

Khairiyya.

Ƙofar Atiku
Cikin watan azumin tsofaffi

Khairiyya,

Gaisuwa mai yawa. Ina azumina, Malami kuwa ya ce shi yaro ne tukuna.

Illo ya zo, ya sha fura, ya tahi. Randa ba ta samu tahiya wanga karo ba, tana da uzuri.

Ki ji labarin gona. Sun yi fure. Farare ne ƙanana da ɗan rawaya a tsakiya, ban taɓa sanin abin da ake soyawa da ƙwai shina da fure ba. Matan unguwa na aiko yara su gani, jiya har liman ya shigo bayan la'asar ya tsaya ya ce tabarakallah. Tun rasuwar Binta tsakar gidanga bai ga ƙafafu haka ba. A wurin nan take zama bisa 'yar kujerarta tana tsince shinkafa, duk wanda ya shigo sai ta ce ya sha ruwa tukun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Masu rigima da yawa sun huce a bakin randar nan kafin su kai ga magana.

Ki shafa mini kan takwararta.

Kakanki, Gazali.

Ƙari daga Malami: Ɗiyata, wannan bai san na rubuta ba, ya ɗauka addu'ar rufewa nake yi. Babu wani buhun goro. Cikin randar Inna ya shuka. Akwai tsohuwar tsaga a gindinta da marigayiya ta liƙe da siminti, shi ya zauna da wuƙa ya kankare liƙin don ruwa ya sami hanya. Na hana shi, ya ce ke kika ce ko wane mazubi. Yanzu cike take da ƙasa har wuya, ƙato huɗu ba su ɗaga ta. Na ga bai kamata ki yi ta share kusurwa ba ki sani ba.

Jos
Janairu

Kaka,

Na ce ko wane mazubi, ban ce randar Inna ba, kuma ka san haka. Abu ɗaya ta bar mini a duniya. Liƙin nan ina zaune ta yi shi, ni na riƙe mata gwangwanin ruwa. Ka sa wuƙa ka kankare aikin hannunta saboda dankalin da ake sayarwa a kowace kasuwa. Ba don dankali ka yi ba, don kada Illo ya ɗauka ka yi.

Ban da abin cewa yanzu. Ka gaida Baba Malami, na gode masa.

Khairiyya.

Ƙofar Atiku
Fabrairu

Khairiyya,

Assalamu alaikum. Illo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba takarda. Na tambaye shi ko kuna lahiya, ya ce ya gan ki da idonsa kina shanya, kin gaishe shi, kin ce ba saƙo. To alhamdu lillahi da lahiyar.

Na yi fushi da Malami na kwana biyu, sai na ga ba ni da wani marubuci. Wanga karo na ce ya karanta mini duk abin da ya sa, har ɗigo.

Ba zan ce miki ban san abin da nake yi ba. Da bokiti ya dafa na farko, na tsaya tsakar gida da ragowar a hannu, idona ya faɗa kan randa. Tun da Binta ta tahi ba a zuba mata ruwa ba, ni kaɗai ba na shanye ko tulu. Gizo-gizo ya yi gida a bakinta. Na ce ga mai sanyi tana zaune a banza. Wancan tunanin shi ya fara zuwa. Na biyun, wanda kika faɗa, ya biyo baya, kuma ban kore shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na matsa a rubuto. Shukar tana mutuwa. Furen ya zube, ganyen ya fara rawaya daga ƙasa, karan ya kwanta bisa bakin randa kamar wanda zazzaɓi ya kayar. Na ce ƙishi ne tunda zafi ya fara leƙowa, na ƙara ruwa safe da yamma, har da azahar. Ba ta farfaɗo ba. Mutumin Dundaye ya ce in zuba toka, na zuba. Abin da ya fi wannan, tsagar nan da ke gindi ta fara hawa. Da tsawon yatsa ce, yanzu ta hau har tsakiyar randar, ruwa na tsattsafowa ta nan. Na ɗaure randar da igiyar rijiya zagaye uku.

Ke nan na ɓata randa, dankalin ma ban samu ba. In akwai magani ki faɗa wa Illo da baki, in ba ki son rubutawa.

Kakanki, Gazali.

Jos
Fabrairu, ranar da Illo ya iso

Kaka,

Ka daina ba shi ruwa yau ɗin nan. Ko ɗigo. Ba mutuwa yake ba, nuna ya yi. Haka yake yi, in ya gama aikinsa a ƙasa sai na sama ya bushe. Laifina ne da ban faɗa maka tun farko ba, na ɗauka zan rubuto kafin lokacin, sai fushi ya hana ni. Ruwan da kake ƙarawa shi zai ruɓar da shi, shi ne kuma yake kumbura ƙasar tana tura tsagar. Ka bar shi ya bushe kamar mako biyu fatarsa ta yi ƙwari, sannan ka tona da hannu a hankali ta sama. Kada a kifar da ita, kada a sa ƙarfe.

Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Amma da Junaidu ya karanta inda ka ce gizo-gizo ya yi gida a bakinta, sai ya tambaye ni wai in an kawo ta nan wa zai riƙa shigowa ana ce masa ya sha ruwa tukun.

Kaka, ba hutu ne ya hana ni zuwa ba, ba kuma hanya ba. Lokacin da Inna ta rasu ina da tsohon ciki, ban samu na zo ba. Tun daga nan in na tuna zan yi sallama a zauren nan in shiga in ga kujerarta ba kowa, sai in fasa tafiyar. Na ɗauka in randar ta zo nan, na huta da shiga.

Ka ci abinci. Illo ya ce ka rame.

Khairiyya.

Ƙofar Atiku
Ƙarshen watan Sha'aban ya gabato

Amarya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Illo maƙaryaci ne, rigar ce ta yi mini yawa.

Na bar ruwa kamar yadda kika ce. Zaman jiran nan ya fi azumi wuya, ina kallon abu ya bushe ƙurmus ina riƙe da buta ba dama. Tsagar ta tsaya inda take.

Shekaranjiya da hantsi muka tona. Na shimfiɗa tabarma, na cire busasshen karan, na fara kwasar ƙasa da moɗar Binta, Malami na zaune shina ba da umarni kamar gonar ubansa. Na yi ta kwasa ba komai, har ya fara cewa a kira mutumin Dundaye ya yi mana ta'aziyya. Sai yatsana ya taɓa wani abu mai santsi, mai sanyi. Na jawo shi. Khairiyya, kamar ƙwan zabo, fatarsa fes. Na miƙa wa Malami, ya juya shi ya juya, ya ce, "Gazali, ashe kai ma za ka yi abin amfani kafin ka mutu."

Mun sami cikin ƙwaryar fura. Waɗansu kamar ƙwan zabo, waɗansu kamar goro, biyu sun ruɓe saboda ruwana. Sadiya matar maƙwabcinmu ta soya mana kaɗan, na aika wa liman nasa. Malami ya ce ba gishiri, amma ya cinye rabona.

Randa kam ba za ta ƙara riƙe ruwa ba. Na kira mai gyaran tukwane ta duba, ta ƙwanƙwasa ta saurara, ta ce in an bar ta inda take za ta fi mu daɗewa, in an ɗora ta a mota ba za ta wuce Dange ba. Wannan aikina ne, ba na kowa ba. Faifai da moɗa da 'yar saiwar jemar da ta rage suna nan na ƙulle miki a tsumma. In kin ce in ba Illo, wallahi zan ba shi, ba wata dabara.

Batun kujera, ni ma na daɗe ba na duban wajen. Ta bayan rijiya nake zagayawa in shiga ɗaki. Dankalin nan ne ya tilasta mini tsugunawa kusa da ita kullum safe, har wata rana gwiwa ta gaji na zauna a kai. Ba abin da ya faru. Kujera ce.

Saura magana ɗaya. Ban kai ƙasan randar ba. Kafaɗata ba ta shiga, hannun Malami kuma gajere ne kamar hankalinsa. Ina taɓa kan waɗansu da ɗan yatsa, kuma ina jin manyan can suke. Yaran unguwa sun yi tayi, na ce a'a, ba kowane hannu ke shiga randar Binta ba. Na rufe da faifai na bar su. Ban san kwana nawa suke yi cikin busasshiyar ƙasa ba kafin zafi ya lalata su, ke ce malamar.

Kakanki, Gazali Marini, manomin randa.

Jos
Daren Talata

Angona,

Ka ce ba wata dabara, sannan ka rufe takarda da dabara. Baba Malami ma na san dariya yake yana rubutawa.

Ba za su kai azumi ba a zafinku. Kada ka ba Illo ƙullin nan. Na karɓi izinin kwana uku a makaranta, Junaidu zai sa mu a motar safe ranar Alhamis, ni da Binta. Abin da ke ƙasan randar nawa ne, kada ka bari Baba Malami ya matsa kusa.

In na yi sallama ka ji na yi shiru a zaure, kada ka fito, kada ka kira ni. Ka bar ni in shigo da ƙafata. Ka dai sa ruwa a tulu kusa da kujerar, ka jefa saiwar jema a ciki tun daren Laraba. In na shigo, ka san abin da za ka fara ce mini.

Amaryarka, Khairiyya.